Aziziyya: Yadda rayuwa take a unguwar Makka da ’yan haya ke kwashe kaya idan Hajji ya matso

Yawancin alhazai sun san Aziziyya ne a matsayin masauki. Dogayen benaye ne jere a bakin titi, da manyan motocin da ke jigila zuwa Harami ta cikin ramukan da aka fasa a jikin duwatsu, da kantunan da ake sayen tsaraba kafin a kama hanyar gida. Alhaji yakan yi mako biyu ko uku ya tafi. Amma akwai dubban mutanen da nan ne gidansu, nan suke aurar da ’ya’yansu, nan suke biyan haya da kuɗin wuta, kuma a cikinsu akwai Hausawa da yawa. Ba kasafai ake tambayarsu yadda suke ganin zaman wurin ba.

Unguwar tana kudu maso gabashin Masallacin Harami, tsakaninsa da Mina, har ma daga wasu sassanta ana iya takawa da ƙafa zuwa wurin jifan shaiɗan. Wannan kusanci shi ne arziƙinta. Shi ne kuma tushen mafi yawan abubuwan da mazaunanta ke kuka da su.

Abin da ake yabawa

Duk wanda aka tambaya, da maƙwabtaka da Ka’aba yake farawa. Aziziyya na cikin iyakar Harami, kuma malamai da dama na ganin ninkin ladan sallar da aka san Makka da shi ya game duk masallatan da ke cikin wannan iyaka, ko da yake wasu sun taƙaita shi ga Masallacin Ka’aba kaɗai. Mutumin da zai iya yin ɗawafi bayan ya tashi daga aiki, ya koma gida ya kwanta, yana riƙe da abin da wani a Katsina ko Maradi ke tara kuɗi shekara goma don ya samu sau ɗaya.

Bayan wannan sai abubuwan duniya. Ga wanda ya taso a arewacin Najeriya, samun wutar lantarki da ba ta cika ɗaukewa ba, da iya fita ƙarfe biyu na dare ba tare da fargabar ɗan fashi ko mai garkuwa da mutane ba, babban abu ne. Kasuwannin unguwar na kai wa dare a buɗe. Tsohon mazaunin Jami’ar Ummul Ƙura yana nan, ga kuma shagunan littattafai da suka kewaye shi, waɗanda ɗaliban ilimi daga Najeriya da Nijar suka daɗe da sani. A 2022 aka fara gwajin motocin bas na cikin birnin Makka kyauta, kafin daga baya a sanya musu kuɗin shiga na riyal 4, abin da ya rage wa marasa mota wahalar ’yan tasi.

Saboda haka idan mazaunin Aziziyya ya ce "alhamdulillahi", da gaske yake. Sai dai mai sauraro ya kamata ya san cewa a Saudiyya ba a faɗin ƙorafi a bainar jama’a yadda ake yi a shirye-shiryen rediyon Kano. A 2023 wata kotu ta yanke wa Muhammad al-Ghamdi, wani malamin makaranta mai ritaya da ke zaune a Makka, hukuncin kisa saboda abubuwan da ya wallafa a shafukan sada zumunta, kafin daga baya a mayar da hukuncin ɗaurin shekara 30. Ɗan ƙasa ke nan. Baƙon da zamansa ya rataya a kan takarda ɗaya ya fi shi dalilin yin shiru. Ƙorafin mutanen Aziziyya a cikin gida ake jin sa, ko a wajen shan shayi bayan sallar isha’i, kuma kusan kullum a kan gida yake farawa.

Shekara mai wata goma

An daɗe da wata al’ada a Aziziyya da unguwannin da ke kusa da Mina. Mai gida yakan ba da haya da sharaɗin cewa idan Hajji ya matso ɗan haya zai kwashe kayansa ya fita, a zuba alhazai, ya dawo bayan sun watse. Lissafin mai gidan a fili yake: abin da bene zai kawo a makonnin Hajji na iya kamo abin da zai kawo a sauran watannin shekara. Wasu masu gidajen ma da kansu suke komawa ɗakunan saman bene, ko su tafi Ɗa’if ko Jidda, su bar wa alhazai gidan. Hukumomin alhazai na ƙasashe irin su Indiya da Pakistan sun daɗe suna kama benaye sukutum a unguwar.

Wanda ya amince da sharaɗin fita yakan samu sauƙin haya, shi ya sa ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi ke karɓa. Amma a duba abin da hakan ke nufi ga magidanci mai mata da ’ya’ya. Kowace shekara sai ya ɗaure katifu da tukwane, ya nemi inda zai ajiye su, ya nemi inda iyalinsa za su raɓa a daidai lokacin da kowane ɗaki a Makka ya yi tsada. Wanda ba ya son wannan yawo sai ya biya hayar shekara cikakkiya, wadda mai gida ya riga ya cusa asarar Hajjinsa a ciki. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A Aziziyya kaba ce ke matsawa raɓa ta sauka.

Annobar korona ta nuna yadda unguwar ta dogara da baƙi. A 2019 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka yi aikin Hajji. A 2020 aka taƙaita shi ga ’yan tsirarun mazauna Saudiyya, a 2021 kuma aka amince wa mutum dubu 60. Benaye suka zauna babu kowa, masu shaguna da direbobi da masu dafa abinci suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. ’Yan haya kuwa, a karon farko cikin shekaru, sun yi babbar sallah a ɗakunansu. Da alhazai suka dawo, fiye da miliyan 1.8 a 2024 da kusan miliyan 1.7 a 2025, tsohon tsarin ya dawo tare da su.

Akwai wani matsin da ya zo daga wata kusurwa. Shekara ashirin ke nan ana rushe tsofaffin unguwannin Makka. An share Shamiyya a 2008 domin faɗaɗa Harami. Aikin Jabal Umar ya cinye gidajen da ke yammacin masallacin, sannan aikin Masar, wanda tsawonsa ya haura kilomita uku da rabi, ya ratsa unguwannin talakawa na yammacin birnin, yankin da ’yan asalin Afirka ta Yamma suka daɗe da zama. Mai takardar mallaka yana samun diyya. Ɗan haya kuwa kayansa kawai yake ɗauka, ya shiga neman ɗaki a unguwannin da suka rage, inda ya tarar da wasu irinsa suna nema. Ko da bulldoza ba ta shiga layin mutum ba, yakan ji ta a kuɗin hayarsa.

Takardar da mutum ke riƙe da ita

Mutum biyu za su iya zama a bene ɗaya, su yi sallah a sahu ɗaya, su yi magana da Hausa iri ɗaya, amma rayuwarsu ta sha bamban kamar ba gari ɗaya suke ba. Abin da ya raba su shi ne takarda.

Hausawa sun daɗe a Makka. Tun kafin jirgin sama ana tafiya Hajji a ƙasa ta Borno da Chadi da Sudan, tafiyar da kan ɗauki shekaru. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903 aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, jama’a da yawa sun ci gaba da hijira gabas, wasu suka tsaya a Sudan, wasu suka ƙarasa Hijaz. Jikokin waɗanda suka iso da wuri suka samu takardar ɗan ƙasa su ne masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi a yau. Usama Hausawi, haifaffen Makka da ya jagoranci ’yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, daga cikinsu yake. Irin waɗannan suna da asibitin gwamnati kyauta, da damar aikin gwamnati, da tallafin kuɗi na Asusun Ɗan Ƙasa da aka fara a ƙarshen 2017 domin rage raɗaɗin tsadar wuta da mai. Kukansu irin na kowane ɗan Saudiyya ne: tsadar kaya, musamman tun da harajin saye da sayarwa ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020, da wahalar mallakar gida ga matashi.

Rukuni na biyu su ne masu iƙama, ko igama kamar yadda ake furtawa a can. A cikinsu akwai waɗanda a Makka aka haife su aka haifi iyayensu, domin haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Daga Yulin 2017 gwamnati ta sanya wa ma’aikata baƙi kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu. An fara da riyal 100, ana ƙara 100 duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da ’ya’ya huɗu zai biya riyal 2,000 a wata, wato 24,000 a shekara, kimanin dala 6,400, tun bai taɓa haya ko abinci ba. Sakamakon a bayyane yake: magidanta da yawa sun tura iyalansu Kano ko Zinder, garuruwan da wasu yaran ba su taɓa gani ba, su kuma suka koma zaman gwauranci, mutum huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya. Ga kuma manufar mayar da ayyuka hannun ’yan ƙasa, wadda ta rufe wa baƙi sana’o’i da dama, har da sayar da wayoyin salula da gyaransu tun 2016.

Na uku su ne marasa takarda kwata-kwata, waɗanda a gida ake kira ’yan Takari. Su ba sa iya kama haya da sunansu, domin yarjejeniyar haya sai an yi mata rajista a manhajar gwamnati ta Ejar da lambar shaida. Zuwa asibiti ko sa yaro a makaranta duk sai da dabara. Tun samamen Nuwamban 2013 ba a daina kame ba, kuma wanda aka kama yawanci cibiyar Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda ake kai shi kafin a sa shi a jirgi. A 2013 ɗin ne kuma hukumomin Makka suka daidaita zaman al’ummar Burma da ke birnin, aka ba su iƙama ta shekara huɗu kyauta. Hausawan da suka yi shekara arba’in a garin na ambaton wannan misali idan ana hira, don ya nuna cewa matsalar tana da magani idan an so.

Lamarin ya ƙara tsanani bayan Hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum 1,301 suka rasu, kuma hukumomi suka ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji. A 2025 aka sanya tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda ya yi Hajji ba izini, da wadda ta kai 100,000 ga wanda ya ba masu bizar ziyara masauki a lokacin. Babu mai musun cewa matakin ya ceci rayuka. Amma ga Bahaushen Aziziyya yana nufin ɗan’uwan da ya zo daga gida ba zai kwana a falonsa ba, abin da a da ake ɗauka wajibi ne na zumunci.

Wa ake gina wa birnin?

A 2016 Saudiyya ta ƙaddamar da Muradun 2030, waɗanda a cikinsu akwai burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara. A 2018 aka fito da wani shiri mai suna Ingancin Rayuwa, aka kuma kafa hukumar masarauta ta musamman mai kula da birnin Makka da wuraren ibada. Kuɗi sun shiga birnin sosai, kuma ana ganinsu. Tambayar ita ce inda suka fi zuba.

Jirgin ƙasa na Masha’ir da aka buɗe a 2010 yana haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa, a maƙwabtan Aziziyya, amma kwanakin Hajji kawai yake aiki. Jirgin Haramain mai gudu da ya fara aiki a 2018 na fitar da mutum zuwa Jidda da Madina ne. Jirgin cikin gari da aka amince da shi tun 2012, wanda shi ne zai amfani mai zuwa aiki kullum a birni mai mutum kusan miliyan 2.4, har yanzu ba a gina shi ba. A Ramadan da Zulhijja tafiyar minti goma na iya zama ta sa’a guda. Kuma ko da Hajji na matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara, har zai fita daga bazara alhazai su huta, mazaunin unguwar yana nan da zafin Yuli da Agusta, da na’urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa, da takardar kuɗin wuta da ta yi nauyi tun ƙarin farashin 2018.

A ganina babban giɓin yana wajen wakilci. Alhaji yana da ma’aikatar Hajji, da hukumar alhazan ƙasarsa, da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Mai zuba jari yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ɗan haya na Aziziyya ba shi da mai yi masa magana a inda ake yanke shawara. Zaɓen majalisun ƙananan hukumomi na ƙarshe an yi shi ne a 2015, kuma ko a lokacin ’yan ƙasa kaɗai ke jefa ƙuri’a.

Abubuwa biyu ne mazauna ke sa wa ido yanzu. A Oktoban 2025 aka sanar da aikin Ƙofar Sarki Salman kusa da Harami, mai faɗin gini murabba’in mita miliyan 12, sannan akwai sabuwar dokar da aka amince da ita a Yulin 2025 wadda ta bai wa baƙi damar mallakar gidaje a ƙasar, tare da sharuɗɗa na musamman ga Makka da Madina. Masu gidaje na ganin darajar kadarorinsu za ta ƙaru, ’yan haya kuma na ganin ƙarin haya ne ke tafe. A Satumban 2025 gwamnati ta hana ƙara kuɗin haya a Riyadh har tsawon shekara biyar bayan farashi ya yi tashin gwauron zabi. Dokar ta bai wa hukumar kula da harkar gidaje damar faɗaɗa matakin zuwa wasu biranen idan buƙata ta taso, amma Riyadh kaɗai sanarwar ta ambata.