Ceto Iri Biyu: Wane Harshe Zai Ba da Labarin Ambaliya?

Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19. A wannan damina gidajen laka sun zube a sassa da dama na jihar. Matashin Kirista na Mirriya da ya ga irin wannan ɓarna yana da tambayoyi game da Allah da wahala, kuma ƙagaggen labari na cikin wuraren da matasa kan nemi amsa. Sai dai littattafan Kirista na matasa da suka shafi bala'i galibi daga Amurka ko Turai suke fitowa, da guguwar teku da jirgin ceto mai saukar ungulu. Ya kamata a rubuta na gida, cikin Hausa tun daga tushe.

Hujja ta farko tana cikin ƙamus. Bahaushe ya daɗe yana raɗa wa masifa suna: yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba, ta 1984 kuwa a Nijar El-Buhari ake ce mata, saboda rufe iyakar Najeriya a lokacin. Kowane suna yana ɗauke da tarihi da hukuncin jama'a a kan abin da ya faru. Labarin da aka fassara daga Faransanci ba shi da wurin ajiye wannan kaya.

Hujja ta biyu ita ce kalmomin addini. Tun zuwan mishan ta SIM Damagaram a 1924, da fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, Kiristoci suka gina salon magana nasu. Inda Musulmi ya fi cewa imani, Kirista yakan ce bangaskiya, kalmar da aka harhaɗa daga ba da gaskiya. Kalmar ceto ta fi ban sha'awa. Wanda ya fiddo yaro daga tafki ya cece shi. A majami'a ceto aikin Almasihu ne. A bakin malamin zaure kuwa roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ne ranar ƙiyama. Marubucin da ya sa yarinya Kirista a kan katangar da ruwa ke ci, maƙwabcinta Musulmi ya miƙa mata hannu, ya sami ma'ana uku a kalma guda ba tare da ya yi wa'azi ba.

Wasu za su ce Kiristocin yankin ƴan kaɗan ne, kasuwar littafin ba za ta ci ba. Amma Allah, addu'a, haƙuri da alheri na kowa ne, kuma labarin Nuhu da na Yusufu sanannu ne a gidajen biyu. Littafin da ya mutunta mai karatu zai ƙetare katanga.

Nan ne aikin ɗaliban kimiyyar harshe yake. Tsofaffin Mirriya, masu ginin tukwane da masu lambu, suna riƙe da kalmomin fari, fara da rushewar gini waɗanda jikokinsu ba sa furtawa. A je a naɗe su, a rubuta, a ajiye wa marubuta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta a tulu.