Tsohuwar Motar Kasuwa: A Ci Gaba Da Gyara Ko A Sake Wata?

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka tashi daga Tawa zuwa Barmu, Afala, Kawo ko Tabalak a ranar kasuwa, ya san wannan hoto: mota a gefen hanya an ɗage mata baki, direba ya shige ƙarƙashinta, karen mota yana ɗora dutse a bayan taya, fasinjoji kuma sun raɓe a inuwar ƙaya da awakinsu da buhunan hatsi, suna kallon rana tana yin sama alhali kasuwa tana can tana ci. Da yamma mai motar zai zauna a majalisa, wasu su ce masa ya rabu da wannan akwala, wasu kuma su ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ni a ganina, ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Ba shekarun mota ne abin dubawa ba, lissafi ne, kuma shi ne abin da akasarin masu motocinmu ba sa yi.

Bari mu fara da hujjar masu cewa a gyara, domin tana da ƙarfi. Abin da muke kira sabuwar mota a Adar, 'yar Kwatano ce wadda ta gama aikinta a Turai kafin a ɗoro ta a jirgin ruwa. Wannan hanyar ma ta toshe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Binin a gadar Gaya. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe, sai kaya suka koma biyowa ta Lome su ratso Burkina Faso da rakiyar sojoji. Tsawon hanya da jinkiri duk a kan mai saye suke ƙarewa.

Na biyu, tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da Toyota Hiace ta dā, kowane bakanike a Tawa ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Ita 504 an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, har zuwa tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwanni daga Kano zuwa Birnin Ƙonni. Motocin baya-bayan nan kuwa kwamfuta ce ke tafiyar da injinsu. Idan irinsu ta mutu a dajin Barmu, ba ƙusa da waya za su tashe ta ba, sai an ja ta zuwa inda ake da na'urar bincike. Wanda ya sayar da motar da ya san halinta ya karɓo wadda bai san tarihinta ba, yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago.

To amma masu gyara su ma suna yaudarar kansu. Suna ƙirga kuɗin bakanike da na kayan gyara, ba sa ƙirga ranakun da motar ta kwana a gareji. Motar kasuwa ba kullum take samun ciniki ba, ranakun kasuwa take ci. A ƙaddara mota tana zuwa kasuwa huɗu a mako, wato sau 16 a wata. Idan ta rasa huɗu saboda lalacewa, kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin watan ya tafi, ga kuɗin gyara a kai. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, ɗan kasuwar da ka zubar a hanya sau biyu ba zai sake ba ka kayansa ba.

Sai maganar mai. Shekara da shekaru tsohon inji mai shan mai yana rayuwa ne a kan fetur mai araha da ke shigowa daga Najeriya ta Illela da Ƙonni. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan garaɓasa ta wuce. Ko da yake gwamnatin Nijar ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499 a Yulin 2024, ƙarancin man da aka sha a Maris na 2025 ya nuna cewa kowace lita abar tattali ce.

Saboda haka shawarata ita ce, inji da giya da tayoyi abin gyara ne ko sauyawa, muddin ƙashin motar yana da lafiya. Amma akwai alamomi uku da in sun bayyana, lokacin rabuwa ya yi. Na farko, idan ƙarfen da ke ɗauke da motar ya tsage har ya koma waldi a kan waldi. Na biyu, idan birki ko sitiyari suka zama ciwon da ba ya jin magani. Na uku, idan kuɗin gyara da asarar ranakun kasuwa na shekara guda suka kusa kai abin da za ka cika a kan kuɗin tsohuwar ka sayi wadda ta fi ta. Biyun farko ba batun riba ba ne, batun rayuka ne. Wanda ya loda mutum goma sha tara a motar da ya san birkinta ba ya kamawa, kada ya ce ƙaddara ce idan abin ya faru.

Wani abin takaici kuma shi ne yadda motocin nan ke zuwa hannunmu. Adar ƙasar 'yan ci-rani ce. Sau da yawa wa ne ya yi shekaru yana fafutuka a Abijan ko Libiya, ya sayi mota ya damƙa wa ƙanensa don a riƙe gida. Sai a yi ta cin abin da take kawowa, cefane da suna da biki, ba a ware mata ko dala ba. Ranar da ta durƙushe sai a sake ɗaga waya a kira Yaya, wanda ƙila shi ma ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Daga nan zumunci ke fara tsami.

Maganin wannan bai fi ƙarfin kowa ba. A sayi littafi, a riƙa rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da duk ranar da motar ba ta fita ba. Sannan a ware wa motar rabonta a kowace ranar kasuwa, ko da jika biyu ce, a zuba a adashi ko a sayi tunkiya a ɗaure. Ƙungiyoyin direbobi na tashoshinmu ma suna iya buɗe wa mambobinsu irin wannan asusu. Mai littafi da ajiya shi ke zaɓar ranar da zai sake mota. Wanda ba shi da su, motar ce za ta zaɓar masa rana, kuma galibi a tsakiyar daji take zaɓa.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a neman kowa.