Maganin Ciwon Daji: Kafin Ya Shiga Ƙwaya, Sai Ya Iso Hannun Majinyaci

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar halittar jikin ɗan Adam ma bango gare ta, wani siririn tantani na kitse da ke hana manyan magunguna kutsawa. A 1988 masana suka lura cewa furotin TAT na ƙwayar cutar HIV yana ratsa wannan tantani, a 1994 kuma aka samo irinsa daga jikin wani ɗan ƙaramin ƙuda. Daga nan aka san feftaid masu ratsa ƙwaya, wato gajerun sarƙoƙin amino asid, galibi ba su wuce 30 ba, waɗanda ake ɗora wa magani su yi dakonsa zuwa ciki.

Aibinsu shi ne 'yan dako ne da ba sa tambayar gida: lafiyayyar ƙwaya da ta daji duk shiga suke yi. A 2004 Roger Tsien da abokan aikinsa a Amurka suka sa wa feftaid takunkumi, wanda sinadarin da ƙarin daji ke fitarwa yake tsinkewa. Dabara ce mai kyau, amma har yau tana matakin gwaji.

Sai dai tafiyar magani tana farawa ne tun kafin ya shiga jiki, kuma birnin Abijan ya isa misali. Matar da ta ji ƙullutu a nono a unguwar Adjamé hanya biyu ke gabanta. Ko ta haye gada zuwa asibitin koyarwa na Treichville, inda sashen ciwon daji yake, ko ta tsaya kasuwar Roxy, inda ake kasa magunguna a rana ba takardar likita. Rashin kuɗi da tsoron wuƙar tiyata kan sa wasu su zaɓi ta biyu, har cuta ta yi nisa.

Feftaid ba ya jure zafi, yana bukatar sanyi da allura da idon ƙwararre. Ranar da zai iso Afirka ta Yamma, in ya tarar da kasuwa a haka, jabunsa zai riga shi shiga gari. Don haka wajibi ne hukumomi su fara da abin da ke hannu: gwajin nono da bakin mahaifa da wuri, sassauta kuɗin asibiti, da tsare hanyar magani daga tashar jiragen ruwa har gadon majinyaci. Bincike ya cancanci tallafi, amma wadda ta ji ƙullutu yau ba za ta iya jiran sakamakonsa ba.