Ranar da garayar Turawa ta shiga filin ƙwallo

Yau zancen wani makaɗi ɗan Rasha na kawo muku, Alexander Boldachev. Wanda ya kalli bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Mosko, ran 14 ga Yuni 2018, ya gan shi ko da bai san sunansa ba. Shi ne saurayin da ya kaɗa wata ƙatuwar garaya a filin Luzhniki, a bikin da Robbie Williams ya yi waƙa.

Garayar nan Turawa na ce mata haf. Ku ɗauko kora ta mutanen Mali mai tsirkiya 21 a ranku, to ita wannan tsirkiyarta 47 ce, ga matakai 7 da ake dannawa da ƙafa don sauya sauti. Tsayinta ya kai na namiji. Gidanta na asali shi ne manyan ɗakunan kiɗan gargajiyar Turai, inda ake zama tsit, ko tari sai an nemi lokaci.

An haifi Boldachev a 1990 a Leningrad, wato Saint Petersburg ta yau. Tun yana ƙarami ya fara koyo, daga baya ya tafi Zurich ta ƙasar Suwizalan, ya yi karatu a hannun Catherine Michel, gwanar haf 'yar Faransa. Ya kuma yi kiɗa a Bolshoi, gidan wasan da babu kamarsa a Rasha. Duk da haka ya ɗauki waƙoƙin ƙungiyoyin zamani irin su Queen da Nirvana ya mayar da su kan tsirkiyar haf, ya saka a YouTube.

Masu ra'ayin riƙau kan ce wannan zubar da girma ne. Ni dai ban yarda ba, kuma lissafin ɗan kasuwa na yi. Babbar ƙungiyar makaɗa tana ɗaukar masu goge wajen talatin, amma mai haf ɗaya ne, in an yi yawa biyu. Wanda ya samu kujerar kuwa ba ya tashi sai tsufa. To sauran da suka ƙare ƙuruciyarsu suna koyo fa, su ci me?

Ga kuma haf ta lantarki yanzu. Ana jona ta da lasifika, a haɗa da na'urar da ke naɗe kiɗa tana maimaitawa, sai mutum ɗaya ya yi aikin mutum biyar. Da haka ta samu shiga wuraren da a da ganga za ta danne muryarta.

Amma fa a lura, sai da ya ƙware a tsohon kiɗan kafin ya taɓa sabon. Yatsun da suka sha horo ne suka ba shi damar tsallakawa, kuma bai bar na gargajiyar ba har yau.

Nan ne abin ya shafe mu iyaye. In yaro ya ce zai kai sana'ar gida wata kasuwar da ba mu saba ba, kada mu yi saurin cewa ya lalace. Mu tambaye shi tukuna: ka iya ta asalin? In ya iya, a sa masa albarka ya je. In bai iya ba, ya dawo ya zauna ya koya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.