Kada ku yarda a ɗaure muku pus ɗin mota da salatif

Jama'ar Gabi da kewaye, masu saurarenmu na gida da na ci-rani, yau maganar makullin mota za mu yi, kuma mun san ba za ta yi wa wasu masu garaji daɗi ba.

Makulli ya karye, ko robar kansa ta tsage. Mai mota ya je an yanka masa sabo, ya sa a kontak, ya murɗa, inji ya yi ta gurnani ya ƙi tashi. Nan take sai a ba shi shawara: a ɗaure kan tsohon makullin da salatif ƙarƙashin sitiyari, ko a buɗe ƙwaƙwalwar motar a goge tsaron gaba ɗaya. Wai don sauƙi. To, araha fa ba ta ado.

Ga abin da ke ciki. A kan makullin akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, sunansa pus, kamar na salula. Ba ya cin batir. Akwai zoben waya kewaye da kontak, shi ke ba shi wuta idan ya matso, pus ya faɗi lambarsa, ƙwaƙwalwar mota ta gane, sannan ta saki mai da wuta. Ba lamba, ba tashi. Tun 1998 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta wanga tsari a kan sababbin motoci, kuma motocin Beljiyam da suka sauka a Kwatano ko Lome suka iso mana, yawancinsu da shi suke zuwa. Tsohuwar 504 ba ruwanta. Amma in kun ga wata ƴar jar fitila tana ƙyaftawa bayan an zare makulli, galibi shi ne.

In an ɗaure pus kusa da zoben nan, motar ta riga ta ji lambar dare da rana. Duk wanda ya iya murɗa kontak, ko da sukuddireba ne, ya tafi da ita. Mu da ke bakin iyaka, Ɗan Isa ga ta nan, Jibiya na tsallake, ba sai an gaya mana saurin ɓacewar abin da aka sata ba. A Amurka, inda doka ba ta tilasta ba, Kia da Hyundai sun yi shekaru suna sayar da motoci da dama babu wanga tsaro. Daga 2021 samari suka dinga kwashe su da igiyar USB suna nunawa a TikTok, har a 2023 kamfanonin suka amince su biya diyyar da ta kai kusan dalar Amurka miliyan 200. Su an sayar musu da mota babu tsaro sun kai ƙara. Mu namu ya zo da shi, muna biya a cire.

Abin haushin ma, gyaran gaskiya ba shi da tsada. Karyewar ƙarfe ko roba ba ta kashe pus. A sayi kwanson makulli wanda babu komai ciki, a yanka ƙarfen daidai da guntayen tsohon, a zaro pus a hankali, don wani na gilas ne, a mayar cikin sabon. Shi ke nan, babu na'ura, babu kwamfuta. Don haka in makulli ya karye, ku tsince kowane guntu, musamman kan.

Za a ce mana: kai mai radiyo, Maradi ba kusa ba ce, motar ƙauye ita ce motar ɗaukar mai naƙuda cikin dare, in pus ya ƙi aiki a daji fa? Magana ce ta gaskiya. Amsarta makulli na biyu ne, wanda aka yi tun na farko yana aiki. Muddin akwai makulli ɗaya mai rai, masu na'ura a birni suna iya kwafar lambarsa, ko su jona ta kafar da ke ƙarƙashin sitiyari su koya wa mota sabon. Tsadar da ake ba mu labari tana zuwa ne ranar da duka suka ɓace, don a wasu motoci sai an cire ƙwaƙwalwar an sake rubuta ta. Masu Toyota, ku duba: a tsoffi da yawa baƙin makulli shi ne uba, da shi ake ƙara wani, mai ruwan toka ba ya wanga aiki.

Dillalai kuma ba mu manta da ku ba. Mota daga kamfani da makulli aƙalla biyu take fitowa. Ku miƙa wa mutum ɗaya tak, ina ɗayan? Mai saye, kafin ka ƙirga kuɗi ka nemi biyu, ka tada injin da kowanne. In ɗaya ne, a rage kuɗin yin na biyu daga farashi. Ka kuma leƙa ƙarƙashin sitiyari, in ka ga salatif ka tambaya.

Masu yankan makulli da masu na'ura, naku ɗaya ne: wanda ya zo ya ce duka makullansa sun ɓace, ku nemi kart giris da katin shaidarsa, ku ga sunan ya zo ɗaya, sannan ku taɓa motar.