Karatun Gida Da Zaman Jama'a

A ƙasar Amurka akwai iyaye da yawa waɗanda ba su sa 'ya'yansu makaranta, su da kansu ke koya musu karatu da lissafi a gida. Tun 1993 babu jihar da ta hana haka a cikin jihohi 50 na ƙasar, kuma masu yi sun daɗu ƙwarai a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. A Ingila ma dokar ilmi ta 1944 ta bar wa iyaye zaɓi, ko su kai yaro makaranta ko su ilmantar da shi ta wata hanya.

Amma Jamus ta ce sam. A can tilas ne kowane yaro ya tafi makaranta. Waɗansu iyaye da suka ƙi saboda addininsu sun kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ita kuwa ta kori ƙarar a 2006. Hujjar Jamusawa ita ce, aikin makaranta bai tsaya ga karatu kaɗai ba, a nan ne yaro ke koyon zama da waɗanda ba su yi kama da shi ba.

To, ina gaskiya take? Ba mu musun cewa iyaye suna da abin kuka. Ajin da ya cika ya batse, malami ba ya sanin wanda aka bari a baya. Ga cin zali, ga miyagun abokai, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Ladabi da kunya da girmama manya, lalle a gida aka fi samunsu.

Duk da haka akwai darasin da uwa ba ta iya koyarwa, domin ƙauna ta hana ta. A gida yaro sarki ne, in ya yi kuka a rarrashe shi. A makaranta kuwa ɗaya ne cikin jama'a. Zai jira a zo kansa, a kā da shi a wasa ya haƙura, ya saɓa da ɗan wani su shirya ba tare da uba ya tsoma baki ba. Da irin wannan hali ake zaman kasuwa da ofis da majalisa.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, wanda ya zaɓi karatun gida ya ɗauki nauyi biyu, watau ya koyar, sa'an nan ya fitar da yaron kullum cikin tsararrakinsa, har da waɗanda ba shi ya zaɓar masa ba. In ba zai iya na biyun ba, makaranta ta fi. Hukuma kuwa ta gyara makarantunta, don kada iyaye su sami dalilin gudu. Allah ya shirya mana zuriya, amin.