Idan na'ura ta yi kisa, wa zai biya diyya?

A daren 3 ga Disamba 2023, mutanen Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna suna tsakiyar taron Mauludi, sai jirgi mara matuƙi na sojojin Najeriya ya sako musu bam. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ta ce aƙalla mutum 85 ne suka rasu, da yawansu mata da yara. Mu nan Anloga da sauran zangunan Kumasi mun san irin wannan taro, domin mu ma mukan raba dare muna yinsa.

Mutum ne ke sarrafa wancan jirgin daga nesa. Shi ya sa aka samu wanda za a riƙe: shugaban sojojin ƙasa, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya nemi afuwa, daga baya kuma rundunar ta ce jami'ai biyu za su gurfana a kotun soja. Wannan bai share wa iyalan hawaye ba, amma dai alhakin yana da wuyan da ya hau.

To ga makaman da ke zaɓar wanda za su harba da kansu. Wani rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ambaci jirgin Kargu-2, ƙirar Turkiyya, a yaƙin Libiya, an tsara shi ya kai hari ba tare da jiran umarnin mai sarrafawa ba. Masu goyon baya suna cewa na'ura ba ta tsoro, ba ta fushi. Gaskiya ne, sai dai ba ta tuba.

Ɗalibin fiƙihu ya san kisan kuskure yana wajabta diyya da kaffara, kuma hukunci kan mukallafi yake hawa. Na'ura ba mukallafa ba ce. Saura wa? Wanda ya tsara ta a wata ƙasa, ko gwamnatin da ta saya, ko kwamandan da ya kunna? A ganina kwamandan ne a gaba, domin wanda ya saki abin da ba zai iya tsayar da shi ba, ɓarnar tana kansa.

A Afrilun 2024 ƙasashen ECOWAS, wadda Ghana ke cikinta, sun yi taro a Freetown suka goyi bayan kafa dokar duniya kan waɗannan makamai. António Guterres ya nemi a kammala yarjejeniyar zuwa 2026.